Daɗaɗɗen Gyambon Hanji: Yadda Saƙonnin Garkuwar Jiki Ke Buɗe Wa Sankara Ƙofa

Mutanen karkara sun daɗe da sanin cewa gyambon ƙafa in ya shekara ashirin ko talatin bai warke ba, wata rana bakinsa yakan yi kauri, ya tsiro da wani irin nama mai wari da saurin zub da jini, wanda ba ya jin kowane magani. Likitoci suna ce da shi gyambon Marjolin, sunan wani likitan fiɗa na ƙasar Faransa wanda ya bayyana irinsa cikin 1828. Abin da ya faru shi ne gyambon ya rikiɗe ya zama ciwon daji, wato sankara.

To, irin wannan rikiɗa tana faruwa a cikin ciki ma, inda ido ba ya gani. Akwai wata cuta da ke sa babban hanji ya kumbura, ya yi miki, ya riƙa zub da jini da majina shekara da shekaru, yau sauƙi gobe tashi. Waɗanda suka daɗe da ita sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da sankarar hanji. Likitoci sun san haka kusan shekara ɗari ke nan, amma sai a 'yan shekarun baya masana suka gano hanyar da abin ke bi. Abin mamaki, hanyar nan ta cikin garkuwar jiki ta bi, wato rundunar da aikinta shi ne tsare mutum daga cuta. Saƙonnin da rundunar ke aikawa domin a gyara hanjin da ya ji ciwo, su ne in suka ƙi tsayawa suke rainon sankara.

Wace cuta ce wannan?

Cutar iri biyu ce. Ta fari ita ce gyambon babban hanji, wanda wani likitan Landan mai suna Samuel Wilks ya bayyana cikin 1859. Shi yakan fara daga dubura ne, sa'an nan ya yi ta hawa sama, wani lokaci har ya cinye babban hanji duka, wanda tsawonsa ya kai wajen ƙafa 5. Ta biyu kuwa ana kiranta cutar Crohn, domin Dokta Burrill Crohn ne da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta cikin 1932 a asibitin Mount Sinai na birnin Niyok. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji da babban hanji.

Dukansu biyu sun fi kama matasa, daga ɗan shekara 15 zuwa 35, kuma ba a ɗaukarsu daga wurin wani. Alamominsu su ne zawo mai jini da majina, murɗar ciki, yawan jin bayan gida ko da tsakar dare, rama, kasala da ƙarancin jini. Mai karatu zai ga cewa waɗannan alamomi sun yi kama da na atini ƙwarai, kuma nan ne ruɗani yake. Atini ƙwayar cuta ce ke kawo shi daga ruwa ko abinci mara tsabta, in an sha maganin da ya dace sai ya tafi cikin kwanaki. Gyambon hanji kuwa garkuwar jikin mutum ce ke faɗa da hanjinsa, saboda haka maganin atini ba ya kawar da shi. Yakan lafa wata uku ko shekara guda, mai shi ya ce ya warke, sa'an nan ya dawo.

Lissafin haɗarin

Tun cikin 1863 wani shahararren likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya duba naman sankara da madubin likita, ya tarar da fararen ƙwayoyin jini cunkushe a ciki, irin waɗanda ake gani a miki. Daga nan ya ce sankara takan tsiro ne a wurin da kumburi ya daɗe. Cikin 1925 Crohn da wani abokin aikinsa Rosenberg suka ba da labarin majiyyaci mai gyambon hanji wanda sankara ta fito masa a dubura, bayansu kuma irin wannan labari ya yi ta fitowa daga asibitoci daban daban.

Cikin 2001 waɗansu likitoci na birnin Leicester a Ingila suka tattara bincike 116 da aka yi a ƙasashe dabam dabam, suka yi lissafi. Suka ce cikin masu gyambon babban hanji, mutum 2 cikin 100 ne sankara ke kamawa bayan shekara 10 da fara ciwon, mutum 8 bayan shekara 20, mutum 18 bayan shekara 30. Wannan lissafi ya tayar da hankali, amma yawancin waɗanda aka ƙirga a cikinsa mutanen da ne, waɗanda suka yi jinya kafin magungunan zamani. Wani babban bincike da aka buga cikin 2020, wanda ya bi sawun masu wannan cuta fiye da 96,000 a ƙasashen Suwidin da Denmak daga 1969 zuwa 2017, ya nuna haɗarinsu bai kai ninki biyu na sauran jama'a ba, kuma yana raguwa da tafiyar zamani.

Har ila yau haɗarin ba ɗaya yake ga kowa ba. Wanda ciwonsa ya tsaya a dubura kaɗai kusan daidai yake da mai lafiya. Wanda ciwon ya game masa babban hanji duka shi ya fi shiga haɗari, haka nan wanda ya fara tun yana yaro, da wanda wani na jininsa ya taɓa yin sankarar hanji, da wanda ke da wata cuta mai ƙuntata hanyoyin matsarmama a cikin hanta. Cikin 2004 likitocin asibitin St Mark's na Landan suka nuna cewa gwargwadon tsananin kumburin da ake gani a naman hanjin mutum, gwargwadon haɗarinsa. Daɗewar kumburi, da faɗinsa, da tsananinsa, su ne ma'auni uku.

'Yan aiken garkuwar jiki

Domin a gane yadda kumburi ke haifar da sankara, sai an san yadda hanji yake. Jikin ɗan Adam da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi aka gina shi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Cikin babban hanji an shafe shi da layi ɗaya tak na waɗannan ƙwayoyin jiki, sama da su kuma akwai majina. A gefe guda na wannan siririn bango akwai kashi da bakteriya miliyoyin miliyoyi da ke zaune a hanjin kowane mai lafiya, a ɗaya gefen kuwa akwai jijiyoyin jini da fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin garkuwar jiki. Bangon nan yana sabunta kansa cikin kwana uku zuwa biyar: tsofaffin ƙwayoyi su mutu su zube, sababbi su maye gurbinsu.

In bangon ya tsage, bakteriya suka kutsa, sai fararen ƙwayoyin jini su taso. Da yake ba su da baki, da sinadarai suke magana da junansu da kuma ƙwayoyin bangon. Masana suna kiran waɗannan sinadarai saitokin, amma a sauƙaƙe 'yan aike ne. Kowane ɗan aike yana da irin saƙonsa. Wani ya ce a kawo gudummawar sojoji, wani ya ce a buɗe hanyoyin jini, wani ya ce wa ƙwayoyin bango kada su mutu yanzu, su hayayyafa su toshe ɓaraka. In aiki ya ƙare, akwai waɗansu 'yan aiken da ke zagawa suna cewa yaƙi ya ƙare, kowa ya koma gida. Wannan shi ne kumburi na lafiya, kuma ba don shi ba da ko ƙaramin rauni ba zai warke ba.

Ɗan aike ba ya shiga cikin ƙwaya. A ƙofa yake tsayawa ya ba da saƙo, sai waɗansu sinadarai na ciki su karɓa su kai har tsakiyar ƙwayar, inda kundin gado yake, wato abin da ake kira DNA, wanda a cikinsa aka rubuta dukan umurnin da ƙwaya ke bi. Biyu daga cikin waɗannan masu kai saƙo na ciki su ne suka fi shahara a wannan magana. Ɗaya ana ce masa NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a Amurka cikin 1986. Ɗayan kuwa STAT3. In aka tashe su, sukan buɗe shafukan kundin da ke cewa ƙwaya ta rayu, ta rabu biyu, ta kuma aika da ƙarin 'yan aike. A hanjin mai gyambo waɗannan biyu kusan ba sa barci.

Gwajin da aka yi da ɓeraye

Hujja ta fari mai ƙarfi ta fito ne cikin 2004 daga Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, a ɗakin binciken Farfesa Michael Karin, inda Dokta Florian Greten ya jagoranci aikin. Dabarar da suka bi ita ce a yi wa ɓeraye allurar wata guba mai ɓata kundin gado sau ɗaya, sa'an nan a riƙa zuba musu wani sinadari a ruwan sha wanda ke ƙona hanji, a ba su hutu, a sake zubawa, har sau uku, kamar yadda cutar ke tashi tana lafawa a jikin mutum. Bayan 'yan watanni sai tsiron sankara ya fito musu a babban hanji.

Masanan suka samar da ɓeraye iri biyu da aka cire musu makunnin da ke tayar da NF-kB. Kashi na fari a ƙwayoyin bangon hanji kaɗai aka cire, kashi na biyu kuwa a cikin wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini. Sakamakon ya ba da mamaki. A kashi na fari kumburin hanji bai ragu ba ko kaɗan, amma yawan tsiro ya faɗi da wajen kashi 80 cikin 100. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin da gubar ta ɓata sun mutu sun zube, domin babu mai ce musu su rayu. A kashi na biyu yawan tsiro ya ragu da wajen rabi, waɗanda suka fito ma ƙanana ne, domin sojojin sun daina aika saƙon da ke ciyar da tsiron.

Wannan gwaji ya nuna cewa aikin hannu biyu ne. A cikin ƙwayar bango, NF-kB yana hana gurɓatacciyar ƙwaya mutuwa. A cikin sojoji kuwa yana sa su zubo mata abin da zai sa ta girma. Jiki yana da wata doka mai kyau, cewa duk ƙwayar da kundinta ya ɓaci fiye da gyara ta kashe kanta. Kumburin da ya daɗe wannan doka yake takewa.

TNF da IL-6

Sauran aiki shi ne a san ko waɗanne 'yan aike ne ke ɗauke da saƙon. Na fari da aka kama shi ne TNF, kuma labarinsa akwai ban dariya a ciki. Cikin 1975 Dokta Lloyd Old da abokan aikinsa a Niyok suka gano shi a jinin ɓeraye, suka ga yana sa tsiron sankara ya ruɓe, har suka raɗa masa suna mai ma'anar makashin tsiro. Aka yi ta murna an sami maganin daji. Daga baya aka gane cewa in an zuba shi da yawa lokaci guda ne yake kisa, amma in yana ɗiga kaɗan kaɗan shekara da shekaru, kamar yadda yake yi a hanjin mai gyambo, shi ne babban mai tayar da NF-kB. Cikin 2008 masana na Jami'ar Kanazawa a Japan suka maimaita gwajin ɓerayen nan, suka nuna cewa ɓerayen da ba su da ƙofar karɓar TNF, da waɗanda aka ba maganin da ke kama shi, tsironsu ya ragu ƙwarai.

Na biyu shi ne IL-6, wanda Farfesa Tadamitsu Kishimoto da Toshio Hirano na birnin Osaka suka fayyace cikin 1986. In NF-kB ya tashi a cikin sojoji, ɗaya daga cikin abubuwan da yake sa su zubar shi ne IL-6. Shi kuma IL-6 sai ya je ƙofar ƙwayar bango ya tashi STAT3. Cikin 2009 ƙungiyoyi biyu, ta Karin a San Diego da ta Greten wanda a lokacin ya koma birnin Munik na Jamus, suka buga sakamako iri ɗaya a lokaci guda. Ɓerayen da aka hana wa IL-6, ko aka cire musu STAT3 a bangon hanji, tsironsu kaɗan ne kuma ƙanana. Waɗanda aka ƙara wa ƙarfin wannan saƙo kuwa tsironsu ya fi yawa da girma.

Amma fa akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Ɓerayen nan da ba su da IL-6 ko STAT3, mikin hanjinsu ya fi na sauran muni, domin bangon ya kasa gyara kansa. Ashe saƙon da ke warkar da miki da saƙon da ke rainon sankara guda ne. Bambancin kawai shi ne na fari yana tsayawa bayan kwanaki, na biyu ba ya tsayawa. Shi ya sa wani masanin Jami'ar Harvard, Harold Dvorak, tun cikin 1986 ya kamanta sankara da raunin da ya ƙi warkewa.

Wa ke ɓata kundin?

A gwajin ɓeraye guba aka yi musu allura domin ta ɓata kundin gado. To, a jikin mutum wa ke yin wannan ɓarna? Amsa ita ce sojojin da kansu. Makamin da fararen ƙwayoyin jini ke kashe bakteriya da shi waɗansu sinadarai ne masu ƙuna, dangin ruwan nan da ake wanke miki da shi yana kumfa. Makamin ba ya bambanta abokin gaba da na gida. In ana watsa shi a bangon hanji kullum, sai ya riƙa canza haruffan kundin ƙwayoyin bangon. Daɗin daɗawa, bangon da ake ta rushewa ana ginawa dole ƙwayoyinsa su yi ta rabuwa fiye da ƙima, kuma duk rabuwa sai an kwafi kundin, duk kwafi kuwa ana iya yin kuskure.

A cikin kundin akwai wani shafi da ake kira p53, wanda aikinsa shi ne gadi. Shi ne ke tsayar da ƙwaya in ta ɓaci, ya sa a gyara ta ko ta mutu. A sankarar hanji ta gama-gari, wadda ta fi kama dattawa, wani shafi mai suna APC ne ke fara lalacewa, sai wani ɗan tsiro mai kama da nono ya fito, ya yi shekaru yana girma, p53 kuwa sai can ƙarshe yake faɗuwa. A hanjin mai gyambo abin a juye yake: mai gadin ne ke fara faɗuwa, har akan same shi a lalace a naman da ido ke gani lafiya lau. Wannan ne ya sa sankarar masu gyambo takan fito a shimfiɗe, ba ta da tudu, takan fito wuri fiye da ɗaya, kuma takan kama mutum da sauran ƙuruciyarsa.

Hannun bakteriya

Akwai na uku a wannan sha'ani, wato mazauna hanji. Cikin 1993 masana a birnin Kolon na Jamus suka samar da ɓerayen da ba su da IL-10, ɗan aiken nan mai cewa yaƙi ya ƙare. Ɓerayen suka kamu da kumburin hanji ba tare da an ba su komai ba, da yawansu kuma daga baya suka yi sankara. Amma da aka reni irinsu a wurin da babu bakteriya ko ɗaya, sai hanjinsu ya zauna lafiya. Wato da bakteriyan gida sojojin ke faɗa, rashin mai tsawatarwa ne ya sa faɗan ya ƙi ƙarewa.

Kumburi kuma yakan canza irin bakteriyan da ke zaune a hanji. Cikin 2012 masanan Jami'ar North Carolina a Amurka suka nuna cewa a kumburarren hanji wani jinsin bakteriya mai suna E. coli yakan yi yawa, kuma waɗansu daga cikinsa suna fitar da wata guba, kolibaktin, mai kakkarya kundin gado. Da suka cire wa bakteriyan ikon yin gubar, kumburin ɓerayen bai ragu ba, amma sankara ta ragu. Cikin 2020 masana a birnin Utrecht na ƙasar Holan suka gano irin tabon da gubar ke bari a kundin, suka kuma same shi a naman sankarar hanjin waɗansu mutane.

Wannan tsari na daɗaɗɗen kumburi ba a hanji kaɗai yake ba. Tsargiya, wadda yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa a Arewa suka sani, ƙwayayen tsutsarta sukan maƙale a mafitsara su jawo kumburi na shekaru, kuma tun 1994 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbata suna kawo sankarar mafitsara. Haka ciwon hanta nau'in B yake kai wa ga sankarar hanta.

Abin da aka samu na magani

Sanin sunayen 'yan aiken nan ya ba da damar yin magungunan da ke tare su. Tsohon magani shi ne sulfasalazin, wanda wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta fito da shi a farkon shekarun 1940, da ƙanensa mesalazin, kuma har yanzu su ake fara ba mai gyambon da bai yi tsanani ba. Cikin 1998 Amurka ta yarda da infiliksimab, allurar da ke kama TNF, domin cutar Crohn, cikin 2005 kuma domin gyambon babban hanji. Cikin 2018 aka yarda da tofasitinib, ƙwayar sha wadda ke datse hanyar da ke tsakanin ƙofar ƙwaya da masu kai saƙo irin su STAT3. Burin likitoci a yau ya wuce tsayar da zawo da jini. So suke a leƙa hanjin a ga mikin ya rufe sarai, domin kumburi yakan ci gaba a ɓoye ko da mai shi yana jin garau.

Waɗannan sababbin magunguna suna da tsada, kuma suna da nasu haɗari. TNF ne ke taimakon jiki wajen tsare ƙwayar tarin fuka a kulle. Cikin 2001 aka ba da rahoton mutum 70 da tarin fuka ya taso musu bayan an yi musu allurar infiliksimab. A ƙasa kamar Nijeriya, inda tarin fuka da ciwon hanta suka yi yawa, wajibi ne a auna mutum game da su biyun kafin a fara masa irin wannan magani.

Kariya ta biyu ita ce leƙen hanji, wato kolonoskofi. Wani siririn bututu ne mai fitila da kyamara a baki, ana zura shi ta dubura bayan an wanke ciki, likita yana kallon bangon hanji a allo, yana tsinko 'yan nama domin awo. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin hanji suka tsayar ita ce duk mai gyambon babban hanji a yi masa wannan leƙe bayan shekara 8 da fara ganin alamomi, sa'an nan a riƙa maimaitawa tsakanin shekara 1 zuwa 5 gwargwadon haɗarinsa. In an ga wurin da ya fara rikiɗa, ana iya cire shi ta cikin bututun, in kuwa ya yi yawa a yi fiɗa a cire hanjin kafin sankara ta kafu.

Ina ruwan mazauna Kurmi?

Sankarar hanji ita ce ta uku wajen yawa a duniya. Cikin 2022 ta kama mutum wajen miliyan 1.9, ta kashe fiye da 900,000. Masu gyambon hanji kashi 1 ko 2 ne kawai cikin 100 na wannan adadi, amma darasin da aka koya daga gare su ya shafi kowa, domin ana samun waɗannan 'yan aike a cikin sankarar hanji ta gama-gari ma.

A da ana cewa wannan cuta ta Turawa ce. Dokta Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cikin 1971 cewa ba a cika ganinta a ƙauyukan Afirka ba saboda abincinsu mai dusa da ganye ne. Cikin 2015 aka buga wani gwaji inda baƙaƙen fatar Amurka 20 na birnin Pittsburgh da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci na mako biyu. Amurkawan da suka koma cin masara da wake da ganye, alamun kumburi a hanjinsu suka ragu, wani sinadari mai suna butiret, wanda bakteriya ke yi daga dusa kuma yake kwantar da kumburi, ya ƙaru fiye da ninki biyu. 'Yan Afirkan da suka koma cin nama da maiƙo kuwa abin ya juye musu. Wanda ya baro tuwon dawa da miyar kuka da furar gero ya zo Ikko ya koma burodi da taliya da lemon kwalba, yana da abin tunani a nan. Wake da zogale da rama da alayyafo duk ana samunsu a kasuwannin Kurmi.

Babbar matsala a asibitocin Nijeriya ita ce zuwa a makare. Ɗan kasuwa a Agege ko Mil Sha Biyu, ko mahauci a Sabon Badun, in ya ga jini a bayan gida sai ya ce basir ne, ya sayi jiƙo ko gari a tasha. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, neman abinci ya hana shi bin layin asibiti, iyalin da za su matsa masa kuma suna can gida. Basir gaskiya ne, yana kuma sa jini, amma jinin basir da na gyambo da na sankara ido ba ya rarrabe su, awo ne ke rarrabewa.

Saboda haka duk wanda zawo ya yi masa fiye da mako huɗu, ko yake ganin jini ko majina a bayan gida suna tafiya suna dawowa, ko aka yi masa maganin atini sau biyu sau uku bai rabu da shi ba, ko yake ramewa ba dalili, ya kamata ya nemi a tura shi wurin likitan ciki. Manyan asibitocin koyarwa irin na Idi-Araba a Ikko, da na Badun, da na Ile-Ife suna yin leƙen hanji. Wanda kuma aka riga aka tabbatar masa da gyambon hanji, kada ya ajiye magani don ya ji sauƙi sai da izinin likita, kada ya riƙa shan magungunan ciwon jiki barkatai domin waɗansunsu suna tayar da cutar, ya kuma rubuta shekarar da ciwon ya fara masa ya adana, domin daga ita ake ƙirga shekara takwas ɗin nan. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.